Yarinyar Madam

Ni dai Allah bai ba ni tsawo ba, kuma ban taɓa kai ƙara ba. Abin da ya rage mini a ƙafa ya cika mini a baki. Shekarar da na fito daga kwalejin horon malamai, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, ban cika ashirin ba, kuma duk wanda ya gan ni sai ya rantse ban gama firamare ba. Amma sakamakona ya fi na kowa a ajinmu. Wannan ba cika baki ba ne, abin da ya faru ke nan.

Shi ya sa da aka zo rabon wuraren aiki, ni aka fara tambaya inda nake so. Sa'o'ina kowa na hangen makarantar da ke da bene da famfo. Ni kuwa na ce Nima. Shugabar kwalejin ta cire tabarau ta dube ni.

“Nima ta cikin Akra?”

“Ita fa. Ajin manyan mata da ake son buɗewa a zongo.”

Ta ce in saurara da kyau. Ofishin ilimin manya ba ya jayayya da matan zongo, wato unguwar Hausawa da sauran baƙi. Idan sun karɓe ni, aji ya zauna. Idan shugabarsu ta aika cewa ba sa so, za a rufe ajin a tura ni inda gurbi ya rage, gurbin da ya rage kuwa yana can ƙarshen arewa, tafiyar kwanaki a lori. Na ce na ji, kuma na yarda. Ban gaya mata dalilina ba. Uwata tana Nima.

Ni ce 'yar fari. Inna jinin Sakkwato ce, kakanta fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan ya zauna, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta nuna a gaban mutane cewa nata ne. Ana yaye ni aka miƙa ni wajen Gwaggo Ayishetu a Sakunde, can bakin teku, ita ta rene ni, ita ta sa ni boko. Babana ya rasu, Inna ta sake aure ta koma Ankara, kamar yadda mu muke kiran Akra, tana sayar da fura a tashar lori ta Tudu. Sai biki ko rasuwa yake haɗa mu. Ƙannena su haye jikinta, su ja mata ɗankwali, ta zage su da sunansu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa in tana son in ci abinci, bango take gaya wa: “A ce wa waccan tuwo zai huce.”

Gwaggo takan ce so ne ya yi yawa har ya zama kunya. Na sani, ni ba baƙuwar al'ada ba ce. Amma abin yana ci mini rai, tun ina ƙarama yake ci, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa na saba ba. Abin da na ƙudura shi ne in zauna kusa da ita. Ko ba za ta yi mini magana ba, in riƙa jin muryarta tana yi wa wasu.

Na sauka a Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da Nima, a ɗakin wata aminiyar Gwaggo. Da na je gaida Inna, tana hango ni ta shige ɗaki, sai kwanon fura ne ya fito a hannun ƙanwata. Gwaggo ta riga ta aika mata cewa ni ce malamar da za a kawo, saboda haka ta sani sarai.

Ranar buɗe aji aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai ga lungunan Nima bayan ruwa ba bai san taɓo ba. Ina da rigar kanti da takalmi mai tsini da na tanada tun daga kwaleji. Na fito da su na shimfiɗa a gado, na leƙa waje, na mayar da su akwati. Ba taɓon kaɗai ba ne. Ta yaya zan ratsa unguwar da uwata take zaune da ƙwauri a waje? Na ɗaura zanena, na yafa gyale. Ofis sun ba ni akwatin katako cike da ƙananan alluna na dutse da alli da littattafan koyon karatu. Na duba babu ɗan kaya, wato ɗan dako, ko ɗaya a hanya, kowa ya fake. Na naɗa gammo na aza abina a ka. Wa na fi? A Sakunde da tulu a ka na girma.

Haka na tsallake katakon da aka gitta a kan babbar kwatar da ta raba Maamobi da Nima, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan Magajiya Alima, shugabar matan unguwar. Bayan la'asar ne aka ce a taru.

“Agoo! Salamu alaikum.”

“Amee! Shigo.”

Tsakar gidan cike take da mata a kan tabarmi, ƙarƙashin wata doguwar rumfar kwano. A gaba an jingina babban allo. Kusa da shi ga kujera mai hannu an shimfiɗa mata kyalle mai ado, ga tebur, ga kwalbar lemo da tambulan an kife masa faranti saboda ƙuda, har da mafici. Magajiya tana tsaye tana ba da umarni. Ƙatuwar mace ce, dillaliyar atamfa a kasuwar Makola, da haƙorin Makka, kuma in ta ɗaga murya ina jin har unguwar Kawukudi ana amsawa.

Tana ganina ta tafa hannu. “Yawwa! Madam ta turo yarinyarta da kaya. Ku sauke mata mana, kun zuba mata ido.”

Aka sauke mini. Na gyara gyale na ce, “Ranki ya daɗe, ai ni ce...”

“Ke ce me? Haka ake shiga gidan mutane a garinku? Durƙusa ki gaida manya.”

Na durƙusa na gaishe su, gefe-gefe, har gwiwata ta jiƙe. Ta ce ina Madam ɗin ta tsaya. Kafin in buɗe baki wata ta amsa mini, wai ai manyan mata irin su ba sa taka taɓo, tana can tana jiran tasi. Wata ta ce tasi ba ya shigowa nan, sai dai a je bakin titi a taro ta da laima. Nan take Magajiya ta tura mutum biyu bakin titi da laima.

Sannan ta juyo kaina. “Ke ma karatun za ki yi, ko? Madalla, gara ki koya tun da ƙuruciya. Wuce can baya wajen yara. Gaba na manya ne.”

Wallahi na cika na batse, na shaƙi iska zan sauke mata magana. Sai idona ya faɗa kan sahun gaba. Can gefe, dab da ƙafar kujerar Madam, ga Inna zaune cikin koren zanenta na Salla, kanta a sunkuye.

Ban san za ta zo ba. Ta ji duk abin da aka yi, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta kashe zancen. Abin da ta yi kawai shi ne ta ƙara jan gyale ta rufe gefen fuskarta da ke wajena. Ni kuma in tsaya a gaban uwata ina sa-in-sa da babbar mace? Takardar ofis tana cikin jakata, amma wa zai karanta? Ai rashin karatun ne ya tara mu. Na haɗiye maganata na wuce baya. A raina na ce to bismillah, mu zauna mu jira Madam, mu ga wanda zai fara gajiya.

A tabarmar baya akwai amare da 'yan mata, sai tsohuwa guda, Mma Asana, Badagomba mai sayar da gawayi. Ita ta zaɓi baya da kanta don kada ta shafa wa mutane baƙi a kaya. Ta matsa mini, ta ɓantaro goro ta ba ni. Hausarta irin ta zongo ce, mace da namiji duk ɗaya.

“Kai yarinya, Madam naka yana bulala?”

Na ce, “Sai in an yi surutu.”

“Ei! To mun mutu.” Ta kwashe da dariya. “An ce ya yi karatu Ingila. An ce yana sa hular gashi, da hoda, yana shan shayi da cokali mai yatsu.”

Na ce ni ban taɓa ganin ta sha haka ba, amma ba mamaki.

Na tambaye ta abin da ya kawo ta karatu da furfurarta. Ta ce wulaƙanci. Ta je asibiti da ciwon gwiwa, ƙofofi duk iri ɗaya, kowace da rubutu a samanta, ta tura wata ta faɗa ɗakin maza, wani tsoho ba wando ya kurma ihu, ita ma ta kurma. Tun ranar ta rantse sai ta san abin da ake rubutawa a saman ƙofa. Matan da ke kusa suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma ban san lokacin da fushina ya sauka ba.

Sai Mma Asana ta zungure ni, ta nuna gaba da haɓa. “Ka ga wancan mai zane kore? Abiba mai fura ke nan. Shi da yake cewa boko ba nashi ba, boko na yara ne. Yau bai je Tudu ba sam. Tun azahar ya zo, shi ya share wurin nan duka, shi ya goge kujera Madam, har ƙafafu. Mun tambaye shi, bai ce komai ba.”

Innata take nufi. Inna ba ta fashin kasuwa, ko zazzaɓi take yi sai ta fita. Na dubi bayanta, na dubi kujerar. Daɗi ya kama ni, haushi ma ya kama ni, duka a lokaci guda. Kin share mini wuri, kin goge mini kujera, amma ki bari a kora ni baya?

Rana ta yi ta sauka, babu Madam. Masu laima suka dawo suka ce ba su ga kowa ba sai masu trotro, motocin haya, aka sake tura su. Magajiya ta fara huci. Ta ce a raba allunan tun yanzu don Madam ta tarar da mu a shirye, kada ta ce matan zongo ba su da tsari.

“Ke yarinya, tashi ki raba. Kin zauna kamar ke ce baƙuwar.”

Na tashi na raba, kowa allo da guntun alli. Da na zo kan Inna na miƙa da hannu biyu. Ba ta karɓa ba, sai ta kusa da ita ce ta karɓa ta ajiye mata a cinya. Na wuce.

Na dawo na tarar Mma Asana ta damƙe alli a tafin hannu kamar za ta daka sakwara. Ta danna shi a allo, ya karye. Ta ɗauki guntun ta sake dannawa, ya sake karyewa. Kai, ni akwai abin da ba na iya gani in yi shiru. Na ce, “Mma, kawo hannunki.” Na gyara mata yatsu uku. Na ce ta zana ƙosai guda, zagaye. Ta zana. Na ce to ta jingina masa sanda a dama. Ta jingina.

“Wannan sunansa a. Da shi sunanki ya fara. Duk inda kika gan shi, naki ne.”

Ta dubi allon, ta dube ni, ta sake duban allon. Sai ta ƙwala ihu. “Ei! Jama'a! Yarinya nan ya iya paa! Ku zo ku ga sunana!”

Amaren da ke gefe suka miƙo nasu allunan. Na bi su ɗaya-ɗaya. Na sahun gabanmu suka waiwayo, sannan suka juya gaba ɗaya. Da farko ƙasa-ƙasa nake yi, in faɗa su amsa. To amma muryata ba ta iya zaman ƙasa ba, kuma mata in sun sami abin amsawa ba a tsayar da su. Kafin wani lokaci an fara jan tabarmi ana matsowa. Na baya ba sa ganina, aka ce in ɗaga. Na jawo akwatin da na ɗauko a ka, na kife shi na haye. Na ɗaga allo sama ina nunawa, gida ya ɗauka: a! ba! ba-ba! Wata ta gane ta rubuta baba da hannunta, ta ajiye allo ta rangaɗa guɗa.

Na ɗaga kai na duba. Duk ajin ya juya wa kujerar Madam baya. Mutum biyu kaɗai suka rage a gaba: Magajiya, da ta shiga ɗaki ta fito ta tarar an juya, da Inna, da ba ta motsa daga inda take ba.

“Kai! Kai! Wace irin fitsara ce wannan?” Magajiya ta ratso mutane tana tafe tana haki. “So kike Madam ta shigo ta tarar yarinyarta ta haye akwati tana yi mana wasan yara? Sauka!”

Ban sauka ba. A kan akwatin nan ne kaɗai tsawona ya zo daidai da nata, ba zan yar da wannan ba.

Na ce, “Ranki ya daɗe, a kira masu laima su dawo. Babu wata Madam da ke tafe. Sunana Zuera. Ni ce malamar da aka turo muku, tun ɗazu nake son in faɗa.”

Matan suka dubi juna. Sannan Mma Asana ta dafe kai ta ce, “Wayyo, na tambaye shi ko yana bulala!” Dariya ta ɓarke ta ko'ina.

Magajiya ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta haɗe, kuma na ga ba kunyar durƙusar da ni kaɗai ke damunta ba. Ta juya ga matan.

“Kun gani ko? Kun ga yadda suka ɗauke mu? Da matan Osu ne ko Adabraka, wallahi babbar mace za su tura musu, mai mota. Mu da yake 'yan zongo ne, 'yan kaya da masu gadi, sai a kwaso mana jaririya.” Ta dawo kaina. “Kina da miji?”

“Babu.”

“Kin taɓa haihuwa?”

“A'a.”

“To me za ki koya wa matar da ta aurar da 'ya'ya ta ga jikoki?”

Na ce, “Abin da na koya mata yanzu. Mma Asana, ɗaga allonki.”

Mma Asana ta ɗaga har da miƙewa tsaye. Wasu ma suka ɗaga nasu ba a tambaye su ba. Magajiya ta kalla, kuma don Allah ba ta musa ba.

“Na ga kin iya. Iyawa daban. Amma nan zongo ne. Ko ɗan kaya ne ya diro daga lori yau, ba ya kwana sai an san mai masaukinsa, wanda zai tsaya masa in wani abu ya faru. Balle wadda za mu sakar wa matan aure da 'yan matanmu kullum. 'Yar wa ce ke? Wa ya san ki a nan? Wa zai tsaya miki?”

Amsar tana bakina. Tana zaune can, babu nisa tsakanina da ita. Amma in na nuna ta a gaban taron nan, na san abin da zai biyo baya: za ta sunkuyar da kai ta yi shiru, don haka aka rene ta, ni kuma in zama yarinyar da ta kira uwa a bainar jama'a aka ƙi amsa mata. Ita ma in ja mata abin faɗe. Ban ko dubi wajenta ba.

Na ce, “Ni na tsaya wa kaina.”

“A nan ba a yin haka.” Ta kakkaɓe hannu. “Gobe zan aika ofis su zo su kwashe allunansu. In suna da babba su turo, in babu mun gode. Ku tashi, magariba ta gabato, kowa da tukunya a wuta.”

Maganar Magajiya a Nima ba a mayar da ita. Mata suka fara ajiye alluna, wasu suna naɗe tabarmi, suna satar kallona da tausayi. Tausayin nan ya fi zagi ciwo. Na tsaya ƙyam a kan akwatina, na ƙi yarda ko ƙwalla ɗaya ta fito, amma a raina har na hango lorin arewa da kayana a sama. Na zo kenan, ko mako ban yi ba. Zuciyata ta yi baƙi ƙirin.

Sai Inna ta miƙe.

Kowa ya ɗauka tafiya za ta yi, har an buɗe mata hanyar ƙofa. Ba ta bi ta nan ba. Ta riƙe allonta da hannu biyu a ƙirji, ta ratso tsakar gidan a hankali, ta wuce ta gaban Magajiya, ta zo har gaban akwatina. An riga an ɗauke tabarmar wurin. Ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da zanenta na Salla, ta ɗago mini allon. Idonta yana kan allon, ba a kaina ba.

Ta ce, “Malama, ni ban gane ba. A sake nuna mini.”

Tun da aka haife ni, ranar ce ta farko da maganar Inna ta taho wajena kai tsaye, ba ta bi ta kan kowa ba.

Magajiya ta ce, “Abiba, lafiya? Kin san ta ne?”

Inna ta ƙara sunkuyar da kai. Allon dai yana sama.

Magajiya ta matso. Ta dube ni, ta sunkuya ta leƙa fuskar Inna, ta sake dubana, goshi da hanci da wushirya. Uwar Magajiya Bakanuwa ce, ita ma a cikin al'adar ta tashi. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta kai hannu baki.

“La'ilaha illallahu. Ta fari ce?”

Inna ta ja gyale ta rufe fuskarta ruf, hannun da ke riƙe da allo kaɗai ya rage a waje.

Mma Asana ta ce, “Ɗanka ne? Kai Abiba! Ɗanka ne malami, ka bari muna jiran tasi? Me ya sa ba ka faɗi ba?”

“Rufe mana baki, Asana, ba a tambaya,” in ji Magajiya, muryarta ta sauya. Ta share ido da bakin mayafi, sannan ta tuna ita ce Magajiya, ta daka tsawa. “To me kuke kallo? Wa ya ce ku naɗe tabarmi? Ku shimfiɗa! Matar da duk Tudu ta sani ta zauna a ƙasa, ku kuna tsaye? A ɗauko wa Malama kujerarta. A buɗe lemon nan. Wani ya je ya kira masu laima, sun isa haka.”

Guɗa ta tashi. Aka cicciɓo kujerar za a kawo. Na ce a bar ta inda take, ba na hawa kujera uwata tana ƙasa. Na sauko daga akwatin na durƙusa a gefenta. Aka turo mana tabarma, ba ta matsa ba, ni ma ban matsa ba.

Na ce, “A kawo hannu.”

Ta miƙo. Hannun ya yi kanta saboda dakan gero, ga ɗumi. Ban taɓa riƙe shi ba. Na ɗora nawa a kai, na gyara mata yatsu a jikin allin, muka sauke shi a kan allo. Ina shirin in ja, sai na ji hannun ya riga ni tafiya. Ya zagaya, ya rufe, ya sauko da sandar daidai inda ya kamata. Ba ni nake jan sa ba, shi yake ja na. Duk lokacin da ta ba mu baya, ashe kunnenta yana wajena. Ta gane tun ɗazu, ta fi duk wanda ke gidan nan ganewa.

Na dubi harafin, babu abin gyara ko kaɗan. Ta cikin gyale ina jin numfashinta. Ba ta janye hannun ba.

Na goge allon da gefen zanena. Na ce, “Saura kaɗan. Mu sake.”

Ta ce, “To, Malama.”

Muka sake.